Kwana Biyar a Keke da Yayana, Daga Karama Zuwa Kalba

Mun tashi da asuba ranar Talata, farkon hutun ranar ƙasa na Disambar 2020. Na sauko da kekena daga bene na uku a unguwar Karama ta Dubai saɓe a kafaɗa, domin lif ɗinmu ba ya ɗaukar mutum da keke lokaci guda. Na ɗaure jakunkuna biyu a kariya, na bi ta hanyar masu ƙafa da ke ƙarƙashin ruwa a Shindagha, na ɓulla Deira. A Rigga na tarar da Yayana yana jirana a bakin wani shagon shayi, tare da abokinsa ɗan Maraɗi mai gyaran mota a Ras Al Khor, wanda ya rantse sai ya bi mu.

Masu bibiyata sun san ni da yawon keke a ƙarshen mako, amma ban taɓa yin tafiyar kwana da kwanaki ba. Yaya ne ya kawo shawarar, kuma na yi mamaki. Shekararsa hamsin da ɗaya, injiniyan na'urorin sanyi ne, ya fi ni da shekara goma sha biyu, rabonsa da keke tun muna Yawuri. Gari ɗaya muke, tashar jirgin ƙasa kaɗan ce tsakaninmu, amma tun watan Mayu ba mu zauna mun yi hira ta kirki ba. A watan ne Babanmu ya rasu, filayen jirgi a rufe saboda korona. A waya muka ji, a waya aka nuna mana makara. Inna ta rage ita kaɗai a gida da ciwon ƙafa, 'yan'uwanmu mata suna aure a Sakkwato da Kwantagora, kuma ta ce ba inda za ta. Ni da Yaya mun san dole ɗayanmu ya koma. Ba wanda ya furta. Idan muka haɗu sai mu yi maganar ƙwallo.

Hanyar Sharjah da safe ba ta raggo ba ce, ko da ranar hutu. Mun bi gefen ruwa ta Mamzar, motoci suna shafa mu, ɗan Maraɗi yana bayanmu yana ta faɗin “dusuma, dusuma”, wato a hankali. Ya zo da jallabiya da takalmin soso, a kan wani keke da ya aro wajen mai kai gas. Kafin mu shiga Ajman jallabiyar ta shiga sarƙa sau biyu. A bakin wurin da ake ƙera manyan jiragen katako muka tsaya karyawa: shayin karak dirhami ɗaya, da burodin Indiyawa mai maiƙo da aka naɗe ƙwai a ciki. Ya sha shayi kofi biyu, ya dubi kekensa, ya dubi titin da ya miƙe gabanmu.

“Alhaji, ni khalas, na gama,” ya ce wa Yaya. “Allah ya ba ni mota, ban ga dalilin butulci ba. Ranar da kuka gaji ku kira ni in zo in kwashe ku.”

Ya tsaida tasi ya cusa keken a but. Muka rage mu biyu, kuma sai a lokacin na lura cewa shi ne ya riƙa yi mana surutu tun asuba.

Daga Ajman hanya ta sake. Dogayen gine-gine suka koma baya, sai fili da rairayi da raƙuma jefi-jefi a bayan waya. Yaya yana gaba, bayansa a miƙe, gwiwoyinsa a buɗe, yana taka feda a hankali. Haka Baba yake tuƙi. Malamin dabbobi ne, ya yi shekaru yana zaga ƙauyukan bakin kogin Kwara da baƙin kekensa, akwatin allura a kariya. Na daɗe ina kallon bayan Yaya ban wuce shi ba, ko da yake zan iya.

Umm Al Quwain muka kwana. Gari ne da ba ya sauri. Tsohuwar unguwar tana can ƙarshen wani siririn tsiri da ya kutsa cikin teku, da ganuwa da tsohon gidan sarauta da bindigogin igwa a ƙofarsa. Kyanwoyi sun fi mutane yawa a lungu. Mun ci kifi gasasshe da shinkafa a wani ɗan gidan abinci kusa da kasuwar kifi, farashin bai kai rabin na Dubai ba. Yaya ya tambayi mai hidima ko akwai yaji, aka kawo masa wani jan ruwa a kwalba. Ya ɗanɗana, ya zuge jakarsa ya fito da ƙullin yajin ƙuli da matarsa ta daka. Ashe ya bar rigar sanyi a gida don ya samar wa yajin wuri.

Washegari jikina ya yi tsami, na Yaya kuwa ba a magana. Sai da ya dafa bango ya hau keke. A hanya mun wuce wani ƙaton jirgin sama na kaya da aka yasar a gefen titi, tsatsa ta ci shi, tsuntsaye sun yi gida a injinsa. Muka ɗau hoto muka wuce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka isa Jazira Al Hamra, garin da ya sa na yarda da tafiyar tun farko.

Garin masu nutson lu'ulu'u ne a da. Mutanensa sun tashi kimanin shekara hamsin da suka wuce, suka bar shi yadda yake. An gina gidajen da duwatsun teku, idan ka matsa kusa da bango za ka ga ƙananan ɓawon kifi maƙale a jiki. Ga masallaci, ga kasuwa da rumfunanta, ga hasumiyoyin da ke jawo iska cikin ɗaki tun kafin zuwan lantarki. Wasu gidajen ana gyara su, wasu rufin ya rufta. Muka jingine kekuna muka shiga wani gida. Tsakar gida ce sosai irin tamu, da ɗakuna kewaye, da wata bishiya da ta tsiro a inda nake zaton madafi ne. A bangon wani ɗaki akwai 'yar taga da aka rarake don ajiye fitila, baƙin hayaƙin yana nan.

Yaya ya sa yatsa ya shafa baƙin. Ya ce, “Ka tuna Baba yana nuna mana ruwa daga cikin kwalekwale, yana cewa gidan kakanmu yana ƙasan nan?”

Na tuna. Lokacin da aka datse ruwa a Kainji, ƙauyen su Baba yana cikin waɗanda ruwa ya ci, kusan lokaci ɗaya da tashin mutanen wannan gari. Baba yakan sa mai kwalekwale ya tsaya a tsakiyar ruwa, inda ba komai sai ruwa, ya ce nan ne kasuwa, can ne rijiya. Muna yara muna dariya a ɓoye.

“Su ruwa ne ya kore su,” Yaya ya ce. “Namu gidan kuwa ba abin da zai kore mu. Mu ne dai ba ma nan.”

Na zaci maganar ta zo. Sai na ce rana tana yi, gara mu kama hanya. Ya dube ni, ya fita ya ɗauki kekensa. Har muka shiga Ras Al Khaimah ba mu yi magana ba sai ta ruwan sha.

Bari in faɗi gaskiya a nan, tunda ita ce dalilin rubutun. Ba na son komawa. A ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti nake aiki, shekarar nan ta ba mu wuya ƙwarai, amma a cikinta aka ƙara mini girma bayan shekara bakwai ina jira. Matata ta fara karatu, 'yarmu ta shiga makaranta. Kuma a lissafin kowa ni ya kamata in koma: ni ne auta, 'ya ɗaya gare ni, Yaya yana da uku, babbar tana shekarar ƙarshe a sakandare. Na san haka, shi ya sa nake gudun zama da shi.

Rana ta uku ita ce mai wuya. Daga Ras Al Khaimah zuwa Dibba sai an ratsa duwatsu daga wannan teku zuwa wancan. Manyan motocin dakon tsakuwa suna wucewa suna watsa mana ƙura, iska tana tura mu baya. Duwatsun ba ciyawa ba bishiya, launin toka da ja, awaki suna tsaye a inda ba ka zaton ƙafa za ta zauna. A wani dogon hawa na waiwaya ban ga Yaya ba. Na juya da gudu. Na same shi zaune a kan ƙarfen gefen titi, hular kwano a ƙasa, yana numfashi da baki, fuskarsa ta yi fari-fari. Yana da ciwon suga, kuma ya yi wasa da karin safe. Na ba shi dabino da lemon kwali, na tsaya na tare masa rana da jikina. Na ciro waya zan kira ɗan Maraɗi.

“Mayar da ita aljihu, Auta.”

“Yaya, ba dole ba ne fa. Ba wanda ya aiko mu.”

“Na sani. Ba ni minti goma.”

Ya ɗauki kusan awa. Bayan nan muka tura kekunan da ƙafa har ƙarshen hawan, ni ina riƙe da nawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a sirdin nasa. Ya lura, bai hana ni ba. Da shi ne ya koya mini keke a filin makarantarmu, haka yake riƙe mini sirdi yana gudu a baya, yana ƙaryar cewa bai saki ba.

Daga saman sai gangara mai tsawo, iska tana shiga riga, ba ka taka komai. Can ƙasa teku ta bayyana, shuɗiya fiye da ta Dubai, ga Dibba kwance tsakanin dutse da ruwa da gonakin dabino. Na ji Yaya a bayana yana rera wata waƙar masunta da ban ji ba tun ina firamare. Muryar ba daɗi, amma ban so ya daina ba.

Da la'asar muka je bakin ruwa. A wannan gaɓar masunta ba sa jan taru da hannu kamar Sarkawan garinmu. Tsofaffin motocin a-kori-kura suke ɗaura wa igiya, motocin da gishiri ya cinye har kana hango titi ta ƙasansu, su riƙa ja da baya a kan rairayi har tarun ya fito. Ma'aikatan 'yan Bangladash ne, mai jirgin kuwa wani dattijo Balarabe ne da ke zaune a kujerar roba yana ba da umarni da sanda. Yaya ya cire takalmi ya shiga cikinsu yana taya su tsince ƙananan kifi. Dattijon ya kira shi ya tambaye shi daga ina. Da Larabcinsa na wurin aiki Yaya ya ce daga wani gari a bakin babban kogi. Dattijon ya ce ya gani a yadda yake kama kifi ta kai. Ya sa aka ba mu guda huɗu, ya ƙara da wani kifi da suke jiƙawa a gishiri wata da watanni. Wani gidan abinci ya gasa mana ɗanyun. Na gishirin kuwa, na ci loma ɗaya na sha ruwa kwalba guda. Yaya ya cinye nasa, ya ce ya tuna masa bandar Inna, ni dai ban ga ta inda suka yi kama ba.

Hanyar Dibba zuwa Khor Fakkan ita ce mafi kyau a duk tafiyar. Teku a hagu, duwatsu a dama, titi yana lanƙwasa yana bin gaɓa. Masu sayar da mangwaro da gwanda da lemon tsami sun jera a gefen hanya. Mun tsaya a Bidya, inda wani ɗan ƙaramin masallacin laka yake, wanda aka ce yana cikin mafi tsufa a ƙasar. Tulluwa huɗu ne a kansa, ginshiƙi ɗaya a tsakiya, ba zai ɗauki mutum da yawa ba. Da a ce an ɗauke shi an ajiye a wata unguwa a Yawuri, ba wanda zai ce baƙo ne. A nan tayata ta baya ta yi faci. Na fito da sabuwar roba zan canza, Yaya ya karɓe tayar, ya nemo hujin da yawu a yatsa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura ya jira ya sha iska. Ya ce a gidanmu ba a yar da abin da faci ɗaya zai gyara.

Ranar Juma'a ce, kuma ita ce Juma'ar farko da aka yarda a yi a masallatai tun rufewar watan Maris. Mun isa Khor Fakkan da wuri, muka yi alwala a masauki kamar yadda aka ce, kowa ya ɗauki dardumarsa da takunkumi. Cikin masallacin ya cika da 'yan kaɗan da aka ƙayyade, muka shimfiɗa a waje, tsakanin kowane mutum da ɗan'uwansa akwai tazara. Huɗubar ba ta fi minti goma ba. Da liman ya ce amin, jama'a suka amsa gaba ɗaya, sai na ji abin da ban ji ba wata tara. Wani ɗan Pakistan a gefena yana kuka a cikin takunkuminsa. Na tuna ban taɓa yi wa Baba addu'a a cikin jama'a ba. Na yi, na daɗe. Da na ɗago, mutane sun watse, Yaya yana zaune a dardumarsa yana jirana.

Muka sayi shinkafar biryani muka tafi bakin teku, muka zauna a inuwa muna kallon manyan ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa suna ɗaga kwantena. Iyalai sun fito hutu, ana gasa nama, yara suna wasa a ruwa. Yaya ya gama cin abinci, ya wanke hannu, sannan ya ce:

“Na ba su takardar ajiye aiki tun watan jiya. Ƙarshen Janairu zan tafi. Maman yara za ta zauna har babbar ta gama jarrabawa, sannan su biyo ni.”

Na ajiye cokali. Abin da na fara ji, Allah ya sani, sauƙi ne, kamar an sauke mini buhu. Nan take kunya ta biyo baya.

“Yaya, ni ya kamata in tafi.”

“Kana so?”

Na dubi teku. Sannan na ce, “A'a.”

“To. Ni ina so. Shekara goma sha tara ina sanyaya wa mutane ɗakunan ajiya. Na gaji, Auta. Ba don kai na yi ba, kada ka ɗora wa kanka.” Ya ɗan yi murmushi. “Abin da ya dame ni shi ne guduna da kake yi. Uba ya tafi, ƙane kuma ya koma yi mini maganar ƙwallo. Na ce bari in kai ka inda ba ka da wurin gudu.”

Na ce masa ai kuwa ya kusa kashe kansa a kan dutse saboda wannan dabara. Ya ce bai san hawan ya kai haka ba, a taswira a kwance yake. Muka yi dariya, daga nan ni na ɓuge da kuka, a gaban mutane, da shinkafa a gabana. Bai rarrashe ni ba. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ruwa. Muka zauna har la'asar muna maganar Baba: yadda yake lissafa sunayen shanun mutane kamar 'ya'yansa, yadda ya taɓa faɗawa fadama da keke da akwatin allura ya dawo gida ya ce wanka ya tsaya yi, da marin da ya yi wa Yaya ranar da ya ɗauke ni a kariya muka je kallon dorina ba da izini ba. Yaya ya ce har yau kunnen nan ba ya ji sosai. Ban taɓa sani ba.

Ranar ƙarshe gajeriya ce. Muka wuce Fujairah da tankunan manta da jiragen da suka yi layi a teku, muka tsaya a tsohuwar ganuwarta ta laka muka sha rake da aka matse. Kalba tana gaba kaɗan, dab da iyakar Oman, inda bishiyoyi suke tsirowa a cikin ruwan gishiri, fararen tsuntsaye suna tsaye a tsakaninsu. Nan titin gaɓa ya ƙare mana. Muka jingine kekuna, muka tsoma ƙafa a ruwa. A lissafin wayata mun yi tafiyar da ta haura kilomita ɗari biyu da hamsin.

Ɗan Maraɗi ya iso da azahar da motarsa, ya zagaya mu yana kallo, ya ce mun yi baƙi mun rame, kuma bai ga abin da muka samo ba. Ya loda kekunan. Tafiyar da ta ci mana kwana biyar, a mota ta hanyar cikin duwatsu ba ta kai awa biyu ba. Yaya ya yi barci tun kafin mu fita gari, kansa a kafaɗata, har Rigga. Na isa Karama kafin magariba, 'yata ta ƙi yarda in ɗauke ta sai na yi wanka.

Ga masu tambaya ko su gwada: ku gwada, amma a watannin sanyi, ku riƙe ruwa da yawa, ku karya da kyau kafin duwatsu, kada kuma ku zo da jallabiya. Ni abin da na koya bai shafi keke sosai ba. Na yi wata bakwai ina tsoron magana ɗaya, na bar ɗan'uwana shi kaɗai da makokin da na mu biyu ne, alhali da na tsallaka ruwa na zauna a falonsa awa guda da an gama. Garuruwan da muka ratsa sun sa na yi kewar gida fiye da yadda na zata, kuma na yarda cewa kewar ba ta kai ta mayar da ni yanzu ba. Yaya ya san haka, bai riƙe ni da shi ba.

Ranar Lahadi da na koma aiki na cike takardar hutun sati uku. Zan raka shi a Janairu, in ga kabarin Baba, in zauna da Inna. Da yamma na kira ta na faɗa mata. Sai na ji tana jan hanci. Da ta dawo da muryarta ta ce, “To, Allah ya kawo ku lafiya. Ku taho mini da man zafi na ƙafa. Kuma an nuna mini hotunanku, don Allah ku shigo jirgi kamar mutane, kada ku zo mini a keke.”